Ruwan Ƙarfe Uku

Laraba, 7 ga Fabrairu, 6:40 na safe

Na tashi shida da rabi kamar kullum, na durƙusa, na buɗe baki zan yi addu'a, ba abin da ya fito. Gadon Elda Konte yana nan yadda ya bar shi jiya, bargo a ninke gida huɗu. Mutumin nan ko gobara ake yi sai ya ninke bargonsa kafin ya fita.

Yana asibiti a Kano, bai farfaɗo ba. Ruwan kanal, wato babbar magudanar noman rani, shi ne ya same shi a cikin kwalbatin da ke ƙarƙashin hanyar Bunkure jiya bayan ƙarfe uku. Ya sha ruwa da yawa, kansa kuma ya bugu da siminti. Iyakar abin da zan rubuta ke nan game da jiya.

An ce kowane ɗan mishan ya riƙa rubuta kwanakinsa don jikokinsa su karanta wata rana. Wata goma sha huɗu ina yi da Turanci, duk labarin albarka da godiya. Daga yau da Hausa zan yi, Hausar Inna ta Zangon Kumasi, don ba wanda ke shiga ɗakin nan da zai iya karantawa. In jikokin sun zo, su sani kakansu Habila Tanko ne, ɗan ƙasar Gana, wanda ɗan allon ƙirjinsa ke cewa Elda Tanko, ɗan cocin da mutane ke kira Mormon. Ba wa'azi aka turo mu Kura ba, an ja mana kunne kan wannan tun ranar farko. Aikin agaji muke yi, muna koya wa manoma shanya tumatir a kan raga, ranar yashe kuma mu shiga kanal tare da su.

Babbar dokarmu ita ce bibbiyu ake tura mu, kuma ba ka rabuwa da abokin aikinka. Duk inda yake, ka kasance kana ganinsa kana jin muryarsa, shekara biyu cur, ban da ban ɗaki. Shi ya sa tun jiya da magariba aka turo mini Elda Etim daga Kano, wani ɗan Uyo mai ƙiba da yawan addu'a. Ya ƙi hawa gadon Konte, a tabarma ya kwana.

Laraba, 4:20 na yamma

An kira mu ofishin 'yan sanda. Na tarar da Baba Dattijo a benci, hularsa a gwiwa, hannunsa na dama a rataye da tsohon rawani. Shekara ashirin da biyu mabuɗin ƙofar ruwa ta sashenmu yana hannunsa. Shi ya saki ruwan jiya, shi kuma ya fito da Konte daga ciki.

Maganar a kan abu ɗaya take. Talata ranar yashe ce, ba a sakin ruwa sai Laraba da asuba. Jiya aka canza, aka ce a saki da ƙarfe uku don masu tumatir na can ƙasa suna kukan ƙishi. Baba ya ce ya zaga da kekensa ya gaya wa kowa. Ya ce mu ma ya tsaya ya gaya mana da hantsi, kuma ni ya gaya wa, tunda Konte ɗan Saliyo ne, in ban da sannu da na gode ba abin da ya sani a Hausa.

Ɗan sandan ya juyo wajena. "Ya gaya maka?"

Na ce, "Ban ji ba, yallaɓai."

"Lokacin da ruwan ya zo kana ina?"

"Ina tare da shi."

Ya rubuta, na sa hannu. Baba bai dube ni ba, ya dai juya hularsa a kan gwiwa ya yi tari. A hanyar dawowa Etim ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, na ga abin tashin hankali. Na ce masa na gode.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, 1:10 na rana

Mun je asibiti. Shugaban mishan ɗinmu da matarsa suna can tun daren Talata, idon matar ya kumbura. An sa wa Konte robar numfashi, an aske masa rabin kai. Shugaba ya shafa masa mai a goshi, ya ce mu ɗora hannu mu yi masa addu'a. Na ɗora nawa a kan na Etim don kada ya taɓa kan Konte.

Da muka fito Shugaba ya rungume ni, ya ce, "Na gode da ba ka rabu da shi ba." Mutumin kirki ne, wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 9 ga Fabrairu, 6:45 na safe

Bai farfaɗo ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu, 5:30 na yamma

Ƙungiyar masu noman rani ta karɓe mabuɗin daga hannun Baba Dattijo. Alhaji Amiru, shugabansu, ya ce na ɗan lokaci ne, har a zauna ranar Alhamis ta ƙarshen wata a yanke magana. In an same shi da laifi ya bar ƙofar ke nan har abada. In kuma Konte bai tashi ba, 'yan sanda sun ce maganar ta wuce ta ƙungiya.

A bakin kanal muka ji labarin, wajen 'yarsa Zuliha mai sayar da garau-garau. Kullum in mun zo sai ta yi mini ba'a, ta ce ga ɗan Kumasi mai Hausar kwance-kwance, mai ce wa mace ya zo. Yau ba ba'a, ta zuba mana abinci, ta miƙa wa Etim nasa a hannu, nawa ta ajiye a ƙasa.

Etim ya cinye nasa tas, ya tambaye ni me ya sa mutane suke kallonmu haka. Na ce tausayi ne. Duk abin da ya sani game da garin nan ta bakina yake saninsa.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, 2:00 na rana

Coci a Sabon Gari, mu talatin da wani abu a ɗaki ɗaya, fanka tana ƙara. An zaga da gurasa da 'yan kofunan ruwa na jibin Ubangiji. Na ɗauki gurasar na haɗiye da ƙyar. Da tiren ruwan ya iso gabana na dubi ɗan kofin, ruwan da bai fi cokali biyu ba, na miƙa tiren gaba. Wata tsohuwa a gefena ta lura, ta matsa mini hannu, ta ɗauka baƙin ciki ne.

An yi waƙar da Konte yake so. Shi ba ya iya waƙa ko kaɗan, muryarsa hanyarta daban ta waƙar daban, amma ba ya fasawa, tun daga wanka har ɗaurin tayen wuya. Sau nawa na ce masa ya tausaya wa maƙwabta. Yau ɗakinmu shiru, kuma shirun ya fi waƙar muni.

Litinin, 12 ga Fabrairu, 11:15 na safe

Litinin ranar wanki ce da wasiƙar mako zuwa ga Shugaba da kiran gida. Na wanke fararen riguna huɗu. Ta ranar Talata tana cikin leda a ƙarƙashin gado, ban taɓa ta ba.

Wasiƙar layi uku na rubuta, na ce ina samun ƙarfi ta wurin addu'a.

Inna ta riga ta ji labari, tun kafin in gaishe ta ta fara kuka. Ta ce ranar Lahadi an ambaci sunana a coci a Kumasi, an ce ɗan Sista Tanko ya ɗauko abokinsa daga ruwa a kafaɗa. Ta ce, "Habila, ka share mini hawaye. Waɗanda suka ce na ɓatar da kai da na shiga cocin nan, su zo su ji." Tun da ta shiga, 'yan uwanta suka ɗauke ƙafa daga gidanmu, ko suna ba a kiranta. Ba ta da abin nuna musu sai hotona da farar riga a bangon falo, da ranar da zan dawo a tarye ni a filin jirgi bayan na cika shekara biyu da mutunci. Wanda aka mayar gida kafin lokaci ba a taryarsa, ta ƙofar baya yake shiga unguwa, kowa kuma ya san ya yi wani abu.

Ɗaukarsa dai na ɗauka, daga bakin kanal zuwa titi. A nan rigata ta jiƙe. Wannan kam gaskiya ne.

Laraba, 14 ga Fabrairu, 7:20 na yamma

Bari in rubuta maganar shayi, tunda ita ba ta ranar Talata ba ce.

Mu ba ma shan shayi ko kofi, dokar coci ce. A ƙasar nan kuwa ƙin shayi kusan zagi ne, bakina ya gaji da ba da haƙuri. Wata uku da suka wuce Baba Dattijo ya ja mu gidansa, matarsa ta rasu bara, da kansa ya hura gawayi ya dafa, ya sa citta da kanumfari, ya miƙo mini da hannu biyu. Na dubi hannun tsohon na karɓa na sha. Daga ranar duk sanda muka je sai in sha rabin kofi. Konte yana kallo, yana shan ruwan randa.

Ashe ya gaji da kallo. Ƙarshen watan jiya ya rubuta wa Shugaba a wasiƙar mako. Shugaba ya kira ni, bai yi faɗa ba, cikin taushi ya yi mini nasiha, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da na ajiye wayar na tambayi Konte me ya hana shi gaya mini ido da ido. Ya ce ya ji tsoron fushina. To, sai na nuna masa bai yi kuskuren jin tsoron ba.

Ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba, ai ni ɗan mishan ne. Na dai daina yi masa magana, na kuma daina fassara masa. Muna tafe kafaɗa da kafaɗa, muna durƙuso tare safe da yamma, ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, amma in manoma sun yi magana sun yi dariya ya dube ni, sai in dubi gona. Kwana huɗu yana yawo a cikin mutane kamar kurma. Na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Wata goma sha huɗu ban taɓa zama ni kaɗai ba ko na minti biyar, sai ga shi na samu hanyar kaɗaita alhali yana gefena.

Kwana na huɗun shi ne Talata.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, 6:40 na safe

Ban ji ba, yallaɓai. Ina tare da shi. Da su na farka yau ma, kamar wanda ke bitar karatu.

Asabar, 17 ga Fabrairu, 4:45 na yamma

Mun wuni a Kadawa muna yanka tumatir muna jerawa a raga. Kasuwa ta faɗi, motoci sun yi layi a Kwanar Gafan ba masu saye, kwanduna suna ɗiga a gefen titi, ƙudaje sun samu biki. Kowa yanzu kauɗa yake son yi, don haka aiki ya yi mana yawa. Na gode wa Allah, hannu in yana aiki kai yana ɗan lafawa.

Wanda aka ba riƙon mabuɗin bai san kan ruwa ba. Gonakin sama sun yi ambaliya, na ƙasa ganyensu ya lanƙwashe. Na ji wani yana cewa da Dattijo ne da ba haka ba. Wani ya ce Dattijon da ya kusa kashe baƙo? Tsufa ya kama shi, ya manta bai faɗa ba, kunya ce ta sa yake cewa ya faɗa. Na ci gaba da yanka har na yanki ɗan yatsana.

Etim ya ɗaure mini da hankicinsa, ya yi wa yatsan addu'a mai tsawo kamar ƙafa aka yanke mini.

Litinin, 19 ga Fabrairu, 5:50 na yamma

Etim ne ya matsa mu je gaida Baba Dattijo, ya ce tsohon da ya faɗa ruwa don ɗan uwanmu ya cancanci ziyara ko da shi ya yi kuskuren. Ban samu dalilin ƙi ba.

Yana kwance a zaure, ya rame, tarin ya sauka ƙirji. Da ya gan ni ya yunƙura ya zauna.

"Habila, shigo mana. Wannan ne sabon? Ka ce masa sannu da zuwa. Yaya mai jiki?"

Na ce yana nan dai, Baba. Duk garin nan shi kaɗai ke kirana da sunan da Inna ta raɗa mini.

Ya ce shi al'adarsa in ya buɗe ƙofa sai ya hau keke ya bi ruwan ta kan gaɓa har ƙarshen sashe, ya ga ko ya toshe a wani wuri. A haka ya hango takalma biyu a jere a bakin kwalbati, da taye a ninke a kansu. Ya ce ko keken bai jingine ba. Bai faɗi wanda ya gani a wurin ba, bai faɗi wanda bai gani ba.

Can ya ce, "Na yi ta tunani a kwancen nan. Ni fa na tsufa, muryata ta yi ƙasa. Ƙila na faɗa iska ta ɗauke. Ranar zaman in sun tambaye ni haka zan ce musu, a huta."

Na ce, "Baba, za su karɓe mabuɗin gaba ɗaya."

"To sai me? Ƙarfe ne. Ni gonata tana nan, kabarin uwar 'ya'yana yana nan, ba inda za a kore ni. Kai baƙo ne, uwarka tana nesa." Ya yi tari mai tsawo. "Ka yi haƙuri yau ba shayi, hannun ya ƙi."

Da za mu fita Zuliha ta tare ni a ƙofar zaure, ta yi ƙasa da murya. Ta ce, "Ina wurin, ina zuba maka wake, ka ce to Baba, Allah ya kai mu. Shekara ashirin da biyu ko akuya bai taɓa kashewa da ruwan nan ba. Ya ce in na buɗe baki bai yafe mini ba. Ni an hana ni. Kai wa ya hana ka?"

Etim ya tambaye ni me ta ce. Na ce godiya take yi da muka zo.

Talata, 20 ga Fabrairu, 3:00 na rana

Mako biyu daidai. Hanyarmu ta biyo ta kwalbatin, ban so ba, ƙafata ta ƙirga da kanta. Daga bakinsa zuwa bishiyar mangwaron da ke bayan kwana taku ɗari uku da sha ɗaya ne. Wanda ya zauna a gindin mangwaron ya juya baya ba ya ganin kwalbati, ba ya jin wanda ke ciki ko da ihu yake yi. Inuwar tana da sanyi, mutum zai iya zama minti arba'in bai sani ba.

Manoma sun tashi tun azahar ranar, kowa ya san dalili. Mutum ɗaya ne ya ga an bar kacala da ledoji a toshe a cikin kwalbatin, ya ce da Turanci bari ya ƙarasa. Ya faɗa sau biyu, yana jiran amsa.

Na ɗauka zai gama kafin lokacin. Ko kuma ban ɗauki komai ba. Na juya abin ta kowane gefe, ban san wanne ne gaskiya ba, kuma ina tsoron ranar da zan sani.

Alhamis, 22 ga Fabrairu, 6:10 na yamma

Konte ya farfaɗo jiya da yamma. Etim ya yi ta tsalle a ɗaki har mai gida ya leƙo. Ni ma na yi murna, Allah ya sani na yi, amma a ƙarƙashin murnar gabana faɗuwa yake yi har muka isa asibiti.

Maganarsa a hankali take fita, hannunsa na hagu ba ya ɗaguwa. Likita ya ce ƙila ya dawo, ƙila a haka zai zauna. Za a mayar da shi Saliyo in ya ƙara ƙarfi. Bai tuna komai na ranar Talata ba, ko karin safe. Iyakar tunaninsa daren Litinin.

Wato na tsira. Ina tsaye a gefen gadon na ji abin ya sauka a jikina, na ji daɗi, sannan na ji ƙyamar kaina irin wadda ban taɓa ji ba.

Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya. Ya ce in yafe masa maganar shayi, da ni ya kamata ya fara yi wa magana. Ya ce an gaya masa ni na ɗauke shi a kafaɗa. Na ce Baba Dattijo ne ya fito da shi daga ruwa.

"Shi ne kuma ya saki ruwan bai faɗa ba, ko? Haka suka ce." Ya numfasa. "Tsoho ne, kowa yana mantuwa. Ka je ka gaya masa na yafe masa. Ka fassara masa da kyau, Elda, kada ka rage komai."

Na ce to.

Asabar, 24 ga Fabrairu, 1:30 na rana

Etim ya tuna mini saƙon Konte. Na ce Baba ba shi da lafiya, a bari ya warware.

Litinin, 26 ga Fabrairu, 10:40 na safe

Alhaji Amiru ya aiko, zaman yana nan ranar Alhamis bayan la'asar a ƙofar ofishin ƙungiya. Ya ce ba sai na yi magana ba, takardar da na sa wa hannu ta isa, in dai zo a gan ni.

Inna ta ce ta sayi atamfar da za ta ɗaura ranar taryata. Saura wata tara da kwanaki, amma ta ce gara ta ajiye tun yanzu. Ta ɗaga ta a waya in gani, shuɗiya ce mai zanen ganye. Na ce ta yi kyau. Ta ce muryata ta canza, ko ba na cin abinci? Na ce layi ne ba kyau.

Etim ya sake tuna mini saƙon.

Laraba, 28 ga Fabrairu, 6:50 na safe

Na gwada a bakina yadda zan faɗa. Baba, Konte ya ce ya yafe maka. Kalma bakwai ce, ko yaron goye zai iya. Na gwada sau uku a ban ɗaki, wurin da doka ta yarda in kasance ni kaɗai, harshena ya ƙi juyawa.

Alhamis, 29 ga Fabrairu, 7:00 na yamma

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar ofishin, manoma sun fi sittin. Mabuɗin yana gaban Alhaji Amiru, wani dogon ƙarfe mai mariƙi da hannu ya goge har yana sheƙi. An kawo Baba a bayan babur. Zuliha tana tsaye can nesa wajen mata, ta rufe rabin fuska da mayafi.

Alhaji ya yi addu'a, ya sa aka karanta takardata, sannan ya ce, "Malam Dattijo, me za ka ce?"

Baba ya gyara zama. "Alhaji, ni dai na tsufa. Ina jin muryata ce ba ta..."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni. Muryarsa ta fita sarai. Da hantsi ya tsayar da kekensa wajen mai garau-garau, ya ce Habila, yau ƙarfe uku zan saki ruwa, ka gaya wa abokinka kada kowa ya shiga kanal bayan azahar. Na ce to Baba, Allah ya kai mu. Ban gaya masa ba, don fushi nake yi da shi. Da ya shiga kwalbatin ba na tare da shi, ina gindin mangwaro na juya baya. Abin da ke takardar nan ƙarya ce, ni na yi ta."

Baba ya daka mini tsawa, "Habila, zauna!" Tari ya sarƙe shi. Wani ya yi salati, wani daga baya ya ɗura mini ashar, aka ce masa ya yi shiru. Alhaji ya daɗe yana kallona.

"Yaro, ka san nauyin abin da ka faɗa?"

Na ce na sani.

Ya ɗauki mabuɗin da hannu biyu, ya tashi da kansa ya ajiye a gaban Baba, ya ce, "Malam Dattijo, ka yafe mana." Baba bai taɓa shi ba. Ni yake kallo, idonsa ya cika, yana girgiza kai kamar ni aka yi wa rashi.

Sai na ji ana jan hannun rigata. Etim ne, yana murmushin wanda bai san abin da ake ciki ba. Ya ce da Turanci, "Me ka ce musu? Na ga an mayar masa da ƙarfensa. Saƙon Konte ka isar?"

Na zauna kusa da shi a kan tabarmar na fassara masa, tun daga keken har mangwaron, ban rage komai ba. Ina yi murmushin yana barin fuskarsa. Da na gama bai yi addu'a ba, ya ciro wayarmu daga aljihu ya nemo lambar Shugaba ya miƙo mini.

Shugaba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce in haɗa kayana, mota za ta zo gobe da safe, za mu fara biyawa wajen 'yan sanda in gyara takardar. Ya ce shi zai kira Inna. Na ce a'a, ni zan kira ta.

Na roƙe shi abu ɗaya, ya yarda. Kafin a kai ni ko'ina za a tsaya da ni a asibiti. Konte yana can kwance da hannu ɗaya, ya yafe wa wanda bai yi masa komai ba, kuma har yanzu yana ce mini na gode. Gobe da bakina zai ji.